Tarihin Hijama da Sharuɗɗan da Magabata Suka Gindaya Mata

 

A 'yan shekarun nan cibiyoyin hijama sun yawaita a biranenmu, kuma duk wanda ya tsaya ya karanta allunansu zai ga jerin cututtukan da aka ce tana warkarwa: hawan jini, ciwon suga, ciwon hanta, rashin haihuwa, shanyewar ɓarin jiki, har da sihiri da kambun baka. Hujjar da ake kafawa ita ce hijama sunna ce, kuma hadisai ingantattu sun yabe ta. Babu Musulmin da zai yi jayayya a kan ingancin waɗannan hadisai. Abin da ya kamata ɗalibin ilimi ya tambaya shi ne yadda malaman da suka riwaito su, suka yi musu sharhi, suka gina hukunci a kansu, suka fahimce su. Wannan maƙala ta bi sawun hijama a tarihi domin nuna cewa magabata sun ɗauke ta a matsayin magani mai sharuɗɗa, wanda ake duba ƙasa da yanayi da shekaru da ƙarfin jiki kafin a yi shi, kuma mai yin sa yana ƙarƙashin jarrabawa da lamuni. Maganar tana da nauyi, domin a yau akwai mai ƙarancin jini da ake tsaga wa baya, akwai mai hawan jini da ke ajiye ƙwayoyinsa saboda an gaya masa an zuƙe masa cutar.

Kafin Musulunci

Kalmar hijama a Larabci ta fito daga tushen da ke nufin tsotso; malaman lugga sun kawo misali da jariri idan ya kama nonon uwarsa. Sauran al'ummu kuwa da sunan kayan aikin suka kira sana'ar. Girkawa da Rumawa sun kira kofin da sunan ƙaramin duma, likitocin Sin na dā sun kira ta hanyar ƙaho, mu ma a Hausa ƙaho muke cewa. Littattafan da ake danganta wa Buƙraɗu sun yi bayaninta, haka nan Jalinusu, wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya. Mafi jan hankali a cikin bayanan wancan zamani shi ne na marubucin Rum mai suna Selsus, a ƙarni na 1. Ya ce kofunan iri biyu ne, na tagulla da na ƙaho. Na tagulla ana jefa masa ƙyalle mai wuta a ciki a kifa shi a jiki, na ƙaho kuwa yana da 'yar kafa a tsininsa, mai aikin ya zuƙe iskar da bakinsa sa'an nan ya toshe kafar da kaki. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana kafa ƙaho a kasuwar ƙauye ya san wannan siffa, ko da yake shekaru kusan 2,000 ne tsakani.

Fahimtar da ta ɗauki nauyin wannan aiki a wurin Girkawa ita ce ta akhlaɗi huɗu: jini, da balgamu, da safra'u, da sauda'u. Lafiya a wurinsu daidaituwar waɗannan ruwaye ce, cuta kuma rinjayen ɗaya a kan saura. Idan jini ya yi yawa ko ya ɓaci sai a rage shi, ko dai ta fasdu, wato tsaga jijiya a bar jini ya zuba, ko ta ƙaho wanda ke janyo jinin da ke kusa da fata, ko ta matsattsaku. Selsus ya ɗauki ƙaho a matsayin mafi sauƙi kuma mafi aminci a kan fasdu. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan fahimta, domin da ita likitocin Musulmi suka yi aiki, kuma da ita masu sharhin hadisi suka fassara nassoshi.

A zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Larabawa suna yin hijama, ya yi ta, ya yabe ta. Buhari ya riwaito daga Ibnu Abbas cewa ya ambaci waraka a cikin abubuwa uku, zuma da tsagar mai ƙaho da lalas da wuta, ya kuma hana al'ummarsa na ƙarshen. Buhari da Muslim sun riwaito daga Anas cewa ya sanya hijama cikin mafifitan abin da ake magani da shi. Wannan babi tabbatacce ne.

Sai dai idan muka tattara riwayoyin da suka ambaci lokutan da aka yi masa ƙaho, za mu ga da yawansu sun zo da dalili. An yi masa a tsakiyar kai yana cikin harami, a wani wuri da ake kira Lahyu Jamal a kan hanyar Makka, kuma riwayar Ibnu Abbas ta bayyana cewa ciwon ɓarin kai ne ya sa. Abu Dawuda ya riwaito daga Jabir cewa an yi masa a kwatangwalo saboda targaɗe, daga Anas kuma cewa an yi masa a bayan ƙafa saboda ciwon da ke wurin. An kuma riwaito cewa ya yi a tsakanin kafaɗu bayan ya ci naman akuyar da aka sa wa guba a Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira. Wuraren da ya saba yi, kamar yadda Anas ya faɗa, su ne jijiyoyi biyu na gefen wuya da kuma doron wuya. Mai karatu ya lura da yadda ciwon kai da na gaɓoɓi suka rinjayi wannan jeri, domin za mu sake haɗuwa da su a ƙarshen tarihin.

Masu sana'ar a Madina galibi bayi ne ko 'yantattu. Abu Ɗaiba, wanda ya yi wa Annabi ƙaho, bawa ne da iyayengijinsa suka yanka wa harajin da zai riƙa kawo musu. Annabi ya biya shi, sa'i ɗaya na dabino a wata riwaya, sa'i biyu na abinci a wata, ya kuma yi magana aka rage masa harajin. Abu Hindin, maulan Banu Bayada, shi ma mai ƙaho ne, kuma Abu Dawuda ya riwaito cewa Annabi ya umarci mutanensa su aurar masa su kuma aura daga gare shi. Larabawa na ƙasƙantar da wannan sana'a saboda tsotson jini da baki, kuma wannan ƙyama ce ke bayan saɓanin farko da fuƙaha'u suka yi a kanta.

Abin da fuƙaha'u suka tattauna

Muslim ya riwaito daga Rafi'u ɗan Khadij hadisin da ya siffanta ladan mai ƙaho da ƙazanta, Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa labarin Muhayyisa wanda ya yi ta neman izini a kan abin da bawansa mai ƙaho ke samowa, har aka ce masa ya ciyar da raƙumin ban-ruwansa da bayinsa. A ɗaya ɓangaren ga biyan Abu Ɗaiba, wanda Ibnu Abbas ya kafa hujja da shi cewa da haramun ne da Annabi bai bayar ba. Jumhuru sun tafi a kan halasci, suka ɗauki hanin a kan karhanci na tsarkakewa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne babin da aka ajiye mas'alar: babin ijara da sana'o'i, tare da masu jima da masu saƙa. Ba a taɓa ɗaukar mai ƙaho a matsayin mai gudanar da wata ibada ba.

Saɓani na biyu ya fi tsawo, shi ne na mai azumi. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da na Saubanu sun nuna cewa mai yi da wanda aka yi wa duk azuminsu ya karye, kuma Imamu Ahmad ya yi riƙo da wannan. Hadisin Ibnu Abbas a Buhari kuwa ya nuna Annabi ya yi ƙaho yana azumi. Imamu Shafi'i ya warware ta hanyar tarihi: Shaddadu ya ji nasa a shekarar buɗe Makka, ta 8, na Ibnu Abbas kuwa ya ɗauke shi a kan Hajjin Bankwana, shekara ta 10, don haka na baya ya shafe na farko. Malikiyya sun bi wata hanya da ta fi kusa da maudu'inmu. Sabit al-Bunani ya tambayi Anas ko sun kasance suna ƙin hijama ga mai azumi, Anas ya amsa cewa ba sa ƙi sai don gudun rauni. A kan wannan illa Malik ya gina maganarsa a Muwaɗɗa, a kanta kuma Ibnu Abi Zaidin ya tsaya a Risala, littafin da yaranmu ke karantawa a zaure. An riwaito cewa Ibnu Umar ya kasance yana yi da rana yana azumi, daga baya ya mayar da shi dare. Ma'anar duk wannan ita ce sahabbai da limaman mazhabobi sun san cewa hijama tana raunana jiki, kuma raunin nan abin lura ne har a hukuncin shari'a.

A hannun likitocin Musulmi

Bayan an fassara littattafan Jalinusu zuwa Larabci a Bagadaza, musamman ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙa (ya rasu 260H/873M) da almajiransa, hijama ta shiga tsararren ilimi. Ibnu Sina (428H/1037M) ya ware mata fasali a littafi na farko na al-Ƙanun. A wurinsa ta fi fasdu tsarkake sassan da ke kusa da fata, kuma jinin da take fitarwa mai tsinkewa ne fiye da mai kauri, saboda haka amfaninta kaɗan ne ga masu kaurin jiki. Ya hana yin ta a farkon wata da ƙarshensa, ya zaɓi tsakiya, bisa ganinsa cewa akhlaɗi na motsawa da ƙaruwar hasken wata. Ya zaɓi sa'a ta biyu ko ta uku ta yini. Ya yi gargaɗi cewa yin ta a ƙeya na haifar da mantuwa. Ya kuma iyakance shekaru: ba a yi wa yaro kafin shekararsa ta biyu, ba a yi wa wanda ya haura 60. Da yawa daga cikin waɗannan dalilai ilimin yau bai yarda da su ba, amma ruhin maganar a fili yake, wato ba kowa ake yi wa ba, ba kuma a kowane wuri na jiki ba.

A Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi (wajen 404H/1013M) ya yi bayaninta a maƙala ta 30 ta littafinsa at-Tasrif, wadda ta keɓanta da aikin tiyata. Ya ambaci kofunan ƙaho da na itace da na tagulla da na gilashi, ya raba aikin gida biyu, mai tsaga da marar tsaga, na biyun kuma da wuta ko ba wuta, ya lissafa wurare 14 na jiki da ake kafawa da abin da kowanne ke magancewa. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila a ƙarni na 12 na Miladiyya, Turawa suka yi ƙarnoni suna koyon tiyata daga cikinta.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi a wannan tarihi, kuma a ganina shi ne mafi amfani gare mu, shi ne na hisba. A shekara ta 319H/931M labari ya isa ga Halifa al-Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Sai ya umarci muhtasibi ya hana kowa yin magani sai wanda Sinanu ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi takarda, kuma masu tarihin likitoci sun ce waɗanda aka jarraba a Bagadaza sun haura 860. A ƙarni na 6 na Hijira, ash-Shaizari ya rubuta Nihayatur Rutba a kan ayyukan muhtasibi, ya sanya babi na musamman ga masu fasdu da masu ƙaho. Ya sharɗanta cewa mai fasdu ya san jijiyoyi da tsokoki, kada ya taɓa yaro sai da izinin waliyyinsa, kada ya taɓa mai ciki ko mai haila. Game da mai ƙaho ya kawo wata jarrabawa mai ban sha'awa: a liƙa takarda a jikin tubali a ce ya tsaga, idan askarsa ta huda takardar to hannunsa ya yi nauyi, bai iya ba. Alamar gwani a wurinsa ita ce saurin hannu da rashin jin zafi ga wanda ake yi wa. Ibnul Ukhuwwa (729H/1329M) ya maimaita kusan duk wannan a Ma'alimul Ƙurba ga mutanen Masar. Al'ummar da ke haddace hadisan falalar hijama ita ce dai ke jarraba masu yin ta kafin ta sakar musu jikin mutane, kuma ba ta ga karo tsakanin abubuwan biyu ba.

Yadda masu sharhi suka karanta nassoshi

Ibnul Ƙayyim (751H/1350M) shi ne madogarar mafi yawan masu rubutu a kan Ɗibbun Nabawi a yau, don haka ya dace a karanta shi da kyau. A Zadul Ma'ad ya bayyana cewa fifikon hijama ko fasdu yana sauyawa gwargwadon zamani da wuri da shekaru da yanayin jiki. A ƙasashe masu zafi, inda jini ke karkata zuwa fata, hijama ta fi. A masu sanyi fasdu ya fi. Ya ɗauki yabon da hadisi ya yi mata a matsayin magana da ta fuskanci mutanen Hijaz da masu irin ƙasarsu. Da ya zo kan hadisin Abu Dawuda mai cewa yin ta a ranakun 17 da 19 da 21 ga wata waraka ce daga dukkan cuta, sai ya fassara shi da dukkan cutar da rinjayen jini ya haddasa. Wannan ƙaidi guda ɗaya ya isa ya rushe rabin abin da ke rubuce a allunan cibiyoyinmu. Ya kuma yi ta naƙalto maganganun Ibnu Sina yana ƙarfafa bayaninsa da su, abin da ke nuna bai ga aibi ba a fassara hadisin magani da mafi ingancin ilimin likitancin zamaninsa.

Hafizu Ibnu Hajar (852H/1449M) ya bi wannan hanya a Fathul Bari, ya ƙara da cewa maganar ba ta haɗa da tsofaffi ba saboda ƙarancin zafin jikinsu. Ya kawo abin da Ɗabari ya riwaito daga Ibnu Sirina cewa mutum idan ya kai 40 ya daina ƙaho, sa'an nan ya ɗauki wannan a kan wanda buƙata ba ta kama shi ba ko wanda bai saba ba. Game da hadisan zaɓen ranaku, hukuncinsa shi ne babu wanda ya inganta a cikinsu, kuma ya kawo cewa Imamu Ahmad yakan yi a duk lokacin da jini ya motsa masa. Buhari kansa, a babin lokacin hijama, abin da ya kawo shi ne Abu Musa ya yi da dare. Gaskiya ne wasu muhaddisai, har da Albani a wannan zamani, sun kyautata hadisin kwanaki ukun nan ta tattara hanyoyinsa. Amma ko a wurin masu karɓarsa, Ibnul Ƙayyim ya fayyace cewa zaɓen rana na mai yi don kiyaye lafiya ne. Marar lafiya kuwa lokacinsa shi ne lokacin buƙatarsa.

Akwai tambaya mafi zurfi a ƙarƙashin duk wannan, ita ce ko maganganun Annabi a kan magani wahayi ne ko kuwa ƙwarewar mutanensa ce ya tabbatar. Khaɗɗabi (388H) ya raba ɗibbu gida biyu, na ƙiyasi irin na Girkawa da na jarrabawa irin na Larabawa da Indiyawa, ya ce mafi yawan abin da Annabi ya siffanta a kan tafarkin Larabawa yake, ban da abin da aka keɓance shi da shi ta wahayi. Ibnu Khaldun (808H/1406M) ya fi kowa fitowa fili a Muƙaddima: ya sanya shi cikin al'adun Larabawa, ya kafa hujja da ƙissar barbarar dabino, tare da yarda cewa wanda ya yi amfani da shi don neman albarka da ingantaccen imani zai ga tasiri mai girma. Shah Waliyyullahi na Dihli (1176H/1762M) ya lissafa magani cikin abin da ba ya cikin isar da manzanci. Ibnul Ƙayyim da masu ra'ayinsa sun saɓa, suna ganin maganin Annabi daga wahayi ya ɓuɓɓugo. Ba manufar wannan maƙala ba ce ta yanke wannan saɓani, kuma ba ta buƙatar yanke shi, tun da ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa aiki da nassin yana buƙatar sanin cutar da sanin majinyacin.

A ƙasar Hausa ƙaho ya zauna a hannun wanzamai, tare da aski da kaciya da cire belu da tsagar gado, sana'ar da ake gada kuma take da shugabanta, Sarkin Aska. Wanzami na ɗauke da ƙahonin shanu a zabirarsa, ya kafa, ya tsaga, ya sake kafawa, ya zubar da abin da ake kira mataccen jini. Malaman jihadi kuma ba su bar fagen ba: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1837M) ya wallafa littattafai da dama a kan magani, daga cikinsu Ujalatur Rakib da al-Mawaridun Nabawiyya. Sabon abu a zamaninmu shi ne kofin roba mai famfo da sunan Larabci, da kuma fitowar masu yi waɗanda ba su gaji wanzanci ba, ba su kuma karanci likitanci ba, sai horo na 'yan kwanaki.

Bayan rushewar nazariyyar akhlaɗi

Ibnun Nafis (687H/1288M), a sharhinsa ga sashen tashrihi na al-Ƙanun, ya saɓa wa Jalinusu ya bayyana cewa jini na bi ta huhu daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. A 1628 Wiliyam Habi na Ingila ya tabbatar da cewa jini ɗaya ne ke kewaya jiki gaba ɗaya. Duk da haka Turawa sun ci gaba da zubar da jinin majinyata har shekaru 200 bayan nan. Wanda ya fara girgiza al'adar da lissafi shi ne likitan Faransa Piyer Luwi, wanda ya bibiyi masu ciwon huhu 77 a birnin Faris, ya wallafa sakamakon a 1835, inda ya nuna waɗanda aka yi wa fasdu da wuri ba su fi tsira ba, mutuwa ma ta fi yawa a cikinsu. Daga nan fasdu ya yi ta ja da baya. A asibitocin yau ana rage jini da gangan a cututtuka ƙalilan, kamar taruwar sinadarin ƙarfe a jiki da kuma yawaitar jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima.

Wannan ya tilasta mana sake duban batun mataccen jini. Jinin baligi wajen lita 5 ne, yana kewayawa ba tsayawa. Jajayen ƙwayoyinsa na rayuwa kimanin kwana 120, sa'an nan saifa da hanta su kawar da su, ƙoda kuma na tace ruwan jini dare da rana. Duhun da ake gani a cikin kofi na jinin ƙananan jijiyoyi ne wanda ya daskare bayan ya fito, haɗe da ruwan da ke ƙarƙashin fata. Bayanin da likitoci suka fi karkata gare shi game da sauƙin da mutane ke ji shi ne jan fata da tsagarta na ƙara gudun jini a wurin, suna kuma motsa jijiyoyin ji ta yadda saƙon ciwo ke dusashewa, ga kuma tasirin natsuwa da kyautata zato.

Binciken zamani a kan hijama yana da yawa amma ingancinsa bai kai yawansa ba. Wani nazari da aka buga a 2012 ya tattara gwaje-gwaje 135, mafi yawansu daga ƙasar Sin, ya ga alamun amfani a wasu cututtuka, ya kuma bayyana cewa tsarin galibinsu mai rauni ne. Gwajin da aka yi a Saudiyya aka wallafa a 2015, a kan mutum 80 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya nuna waɗanda aka yi wa hijama mai tsaga sun sami sauƙi fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Wani gwajin a Jidda a kan hawan jini ya ga saukar awo bayan mako 4, amma bambancin ya ɓace a mako na 8. Da masu bincike a Jamus a 2016 da Barazil a 2021 suka kwatanta busasshen ƙaho da na jabu, wato kofin da ba ya riƙe iska, ba su sami bambanci mai ƙarfi ba. Adalcin magana shi ne hujja mafi kyau da ake da ita tana kan ciwon baya da wuya da kai, na ɗan lokaci, kuma waɗannan su ne dangin ciwukan da riwayoyi suka ce Annabi ya yi ƙaho dominsu. Game da ciwon suga da ciwon daji da ciwon hanta da rashin haihuwa, babu gwaji tabbatacce da ya nuna tana warkar da su.

Cutarwar kuwa sananniya ce. Ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya rayuwa a jikin aska ko kofi aƙalla kwana 7, kuma nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki duk ta jini suke bi, saboda haka kofin roba da aka ɗauraye aka mayar wa wani haɗari ne na gaske. Yawaita yi na jawo ƙarancin jini. Mai shan maganin tsinka jini kan zubar da fiye da yadda aka nufa, raunin mai ciwon suga kan daɗe bai warke ba, wasu fatun kuma kan yi tabo mai tudu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, waɗanda jajayen ƙwayoyinsu ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, kuma su ne ciwon gaɓoɓi ke yawan kai wa wurin mai ƙaho. Illar da Anas ya ambata, wato rauni, a kan irin waɗannan ta fi tabbata. Saudiyya ta mayar da hijama ƙarƙashin lasisin hukumar lafiya, da sharaɗin horo da kayan aiki na amfani sau ɗaya, wanda a haƙiƙa komawa ce ga aikin muhtasibi.

Fiƙihunmu ma bai bar wannan a sake ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun riwaito daga Amru ɗan Shu'aibu hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Malik ya hukunta diyya a kan likitan da ya yi kuskure a kaciya, a kan dangi masu ɗaukar diyya. Ibnu Rushdin a Bidayatul Mujtahid ya bambanta gwanin da ya yi kuskure da wanda ba ahalin sana'ar ba ne, na biyun mai ƙetare iyaka ne da ke fuskantar horo ban da diyya. Shehu Khalil kuma a Mukhtasar, littafin da alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya lissafa hanyoyi uku da lamuni ke hawa kan mai magani: jahiltar aikin, da gazawa wajen yin sa yadda ya kamata, da yin sa ba tare da izini abin lura ba. A cikin misalan da ya kawo a wannan wuri ya ambaci fasdu da kaciya, ya kuma ambaci hijama da sunanta.